Bayan Usur Na Ƙarshe: Waiwaye Kan Rayuwar Rashidi Yekini

Ƙwallaye biyu na farko da Najeriya ta taɓa ci a Gasar Cin Kofin Duniya, 'ya'yan Kaduna ne suka ci su. Ranar 21 ga Yunin 1994 ce, a birnin Dallas na Amurka, lokacin da dare ya riga ya yi nisa a nan gida. Finidi George ya kwararo ƙwallo daga dama, Rashidi Yekini ya tura ta raga, ya bi ta har ciki ya damƙe ragar da hannu biyu yana kururuwa. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Daniel Amokachi ya ƙara ta biyu, da aka dawo Emmanuel Amuneke ya cike ta uku, aka tashi Najeriya na da 3, Bulgeriya na nema. Yekini da Amokachi duk a garin nan aka yanke musu cibi. Shekara 18 bayan wannan dare, ranar 4 ga Mayun 2012, Yekini ya rasu a Ibadan yana da shekara 48, bayan ya shafe ƙarshen rayuwarsa a keɓe, nesa da jama'ar da ta sha yi masa tafi. Allah ya jiƙansa.

Tsakanin waɗannan ranaku biyu akwai abin da ya kamata mu tsaya mu duba, musamman mu mazauna Unguwar Dosa da kewaye, inda ƙwallo ta shiga jinin yara. Da an sallame La'asar, duk filin da bai riga ya zama shago ko gida ba, daga nan har Kawo da Badarawa da Malali, cika yake yi da samari. Ranar Asabar da Lahadi kuwa gidajen kallo ba masaka tsinke. Iyaye sun rabu gida biyu: masu bin ɗa da tsumagiya don ya bar abin da suke kira wasan banza, da masu karyar da kadara don su biya dillalin da ya yi alkawarin kai yaro Turai. Duka ɓangarorin biyu hankalinsu na kan ranar tafiya. Tarihin Yekini kuwa tambaya biyu yake ajiye mana a tare: wace hanya ce ta ɗauki ɗan talaka daga Kaduna ta kai shi idon duniya, kuma wa ya tarbe shi ranar da ƙafa ta gaji?

An haife shi a Kaduna ranar 23 ga Oktoban 1963. Asalin gidansu garin Ira ne a Jihar Kwara, amma a nan ya girma, a nan ya koyi taka leda, Hausa kuma a bakinsa kamar kowane ɗan gari. Ba ɗan masu hali ba ne, bai kuma yi nisa a karatun boko ba. Abin da ya taimake shi shi ne irin Kadunar da ya buɗe ido ya gani. A 1957, zamanin gwamnatin Sardauna, aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri. Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960. Dubban ma'aikata daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suka cika tsallaken kogi, albashinsu ya riƙe kasuwanni da masu gidajen haya da masu sayar da abinci. A wancan zamani babban kamfani bai cika ba sai da kulob ɗinsa na ƙwallo. Legas na da NEPA da ACB, Benin na da New Nigerian Bank, Ibadan na da Leventis United, Gboko na da BCC Lions. A Kaduna kamfanin ƙera makamai na soja ya kafa DIC Bees, masaƙar UNTL ma ta kafa nata kulob ɗin.

Yadda abin ke tafiya shi ne, yaron da ya iya ƙwallo a unguwa, in idon koci ya faɗa kansa, sai a ɗauke shi a sa sunansa cikin ma'aikata. Ƙarshen wata yana da albashi, yana da takalmi da riga, in ya ji ciwo akwai asibitin kamfani, in kuma ƙafa ta ƙi gaba ɗaya yana iya komawa bakin aiki. Ba wanda ya ce wa mahaifinsa ya kawo kuɗin fom ko kuɗin biza. Ta wannan ƙofa Yekini ya shiga, a kulob ɗin UNTL, farkon shekarun 1980. Dogo ne mai ƙirar ƙarfi, in ya sa gudu bayan 'yan baya sai dai su bi shi da ido, in ya saki ƙafa kuma gola ya san an buga.

Bai daɗe ba labarinsa ya kai Kudu. A 1982 ya koma IICC Shooting Stars ta Ibadan, inda ya haɗu da manya irin su Segun Odegbami. Da shi suka kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1984, Zamalek ta Masar ta doke su. A shekarar ce kuma ya fara saka rigar Najeriya. Daga nan sai Abiola Babes ta Abeokuta, kulob ɗin marigayi M.K.O. Abiola, sannan a 1987 ya haye Kwaddibuwa ya shiga Africa Sports ta Abidjan. Sai a 1990, yana dab da shekara 27, ya taka Turai. A lura da wannan. Yau yaro ɗan 17 in bai fita ba sai ya ɗauka ƙofa ta rufe. Yekini ya yi kusan shekara 10 yana gogewa a filayen Afirka kafin ya tafi, shi ya sa da ya isa can a nune ya isa.

Kulob ɗin da ya ɗauke shi, Vitória ta garin Setúbal da ke bakin teku kudu da Lisbon, ba ya cikin manyan Fotugal. Har ma ya faɗa rukuni na biyu yana can, amma bai gudu ba. A kakar 1992 zuwa 1993 ya ci ƙwallo 34, ya dawo da su rukunin farko. Kakar da ta biyo baya ya ci 21, ya fi kowa a duk gasar ƙasar, ya bar 'yan gaban Benfica da Porto da Sporting a baya. A shekara 4 ya ci wa kulob ɗin kimanin ƙwallo 90. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta zaɓe shi gwarzon ɗan wasan nahiyar na 1993, ɗan Najeriya na farko da ya samu wannan kambu.

A rigar ƙasa ma haka abin yake. Da shi aka zo na biyu a Kofin Afirka na Maroko a 1988 da na Aljeriya a 1990. A Senegal a 1992 aka zo na uku, shi ne ya fi kowa ci da ƙwallo 4. A Tunisiya a 1994 ya ci 5: biyu a ragar Gabon, biyu a ta Zayar, ɗaya a ta Kwaddibuwa a wasan kusa da na ƙarshe, ya kuma buga fenaretin da ya raba gardama a wannan wasa. Najeriya ta doke Zambiya 2 da 1 ta ɗauki kofin, aka ba shi gwarzon gasar. Jimillar ƙwallayensa a Kofin Afirka 13 ne, saura ɗaya ya kamo Laurent Pokou na Kwaddibuwa mai 14. Damar cike wannan gurbi siyasa ce ta cinye ta: gwamnatin Janar Sani Abacha ta janye Najeriya daga gasar Afirka ta Kudu a 1996, CAF kuma ta hana mu shiga ta 1998. Ƙwallaye 37 da ya ci wa Najeriya sun shafe sama da shekara 25 ba wanda ya kamo su.

Yekini ba shi kaɗai Kaduna ta fitar ba, kuma wannan ne ke nuna cewa ba sa'a ce ta mutum ɗaya ba. DIC Bees ta koma Ranchers Bees a hannun Alhaji Mukhtar Aruwa, ta kai wasan ƙarshe na kofin masu riƙe da kofunan ƙalubale na Afirka a 1988, ta kuma ɗauki kofin Yammacin Afirka a 1989. A can kocin Najeriya Clemens Westerhof ya tsinto Amokachi yana matashi. Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel duk haihuwar garin nan ne, duk kuma suna cikin tawagar da ta ciwo zinare a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996. A wasan ƙarshe da Ajantina, wanda aka tashi 3 da 2, Celestine da Amokachi ne suka ci biyu daga cikin ukun. Gari ɗaya ba ya yin haka sai in akwai hanyar da aka share wa yara.

To, sai gangara ta zo. Bayan Italiya ta fitar da Najeriya a 1994 da ƙwallaye biyun Roberto Baggio, aka yi ta ƙananan maganganu cewa zaman lafiya ya yi ƙaranci a sansanin, shi kansa Yekini ya koka cewa ba a ba shi ƙwallo yadda ya kamata. Ya koma Olympiacos ta Girka, zaman bai yi daɗi ba. Ya tafi Sporting Gijón ta Sifaniya, ƙwallaye suka ƙi zuwa. Ya sake leƙa Setúbal, ya wuce Zürich ta Suwizalan inda ya ɗan farfaɗo har aka tafi da shi Kofin Duniya na Faransa a 1998. Daga nan Bizerte ta Tunisiya, Al-Shabab ta Saudiyya, ya koma Abidjan, ya dawo gida ya buga wa Julius Berger yana kusan shekara 40. A 2005, yana da 41, ya sake ɗaura takalmi ya buga wa Gateway ta Abeokuta. Wasu sun kira wannan son wasa, kuma gaskiya ne. Amma mai lura zai ga mutumin da tun yana yaro fili ne gidansa, fili ne ofishinsa, fili ne majalisarsa, ba kuma wanda ya shirya masa wani wurin da zai nufa in ya fita.

Shekarunsa na ƙarshe a Ibadan ya yi su, a gidansa, ya janye jiki daga taruka da 'yan jarida da ma yawancin abokan wasansa. Jaridu sun yi ta ruwaito cewa yana fama da rashin lafiyar da ta shafi ƙwaƙwalwa, wasu makusantansa kuma suka musanta. Har bayan an binne shi a Ira ana ta ka-ce-na-ce kan yadda kwanakinsa na ƙarshe suka kasance. Abin da ba gardama a kansa shi ne, ƙasar da ya yi wa hidima shekara 14 ba ta da wani ofishi, ko asusu, ko likita, da aikinsa shi ne ya bibiyi halin da tsohon ɗan wasa yake ciki. Yekini ba mabaraci ba ne, yana da muhallinsa, an kuma shaide shi da kyauta. Wannan ma ya ƙara fito da darasin fili: abin da ɗan wasa ke rasawa ranar da ya ajiye takalmi ya wuce kuɗi. Yana rasa abin da zai tashi ya yi da safe, yana rasa mutanen da yake gani kullum, yana rasa likitan da ke duba shi kowane mako.

Ba a kansa aka fara ba, ba a kansa aka ƙare ba. Wilfred Agbonavbare, ɗaya daga cikin masu tsaron ragar tawagar 1994, ya ƙare yana ɗaukar kayan fasinja a filin jirgin saman Madrid, ciwon daji ya yi ajalinsa a 2015. Christian Chukwu, kyaftin ɗin da ya ɗaga Kofin Afirka na farko da Najeriya ta ci a 1980, sai da attajiri Femi Otedola ya ba da dala 50,000 a 2019 kafin aka kai shi asibiti a Landan. Gidajen da gwamnati ta yi wa tawagar 1994 alkawari kuwa, da yawansu sai a 2021, bayan shekara 27, Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ba su. Kafin lokacin Uche Okafor da Thompson Oliha da Agbonavbare da Stephen Keshi duk sun riga mu gidan gaskiya. Wanda ya taimaka ya kyauta, Allah ya saka masa. Sai dai kyautar mai hali kamar ruwan bazara take: ta sauka a gonar wani, ta tsallake ta maƙwabcinsa. Wanda sunansa ya yi amo za a ji kukansa. Wanda ya ƙare wasansa a rukuni na biyu a filin Ranchers Bees, wa zai ji nasa?

Domin a ga bambancin kyauta da tsari, bari mu leƙa Amurka, mu dubi wani wasa da ba mu saba da shi ba, wato besbol. Ana yin sa da ƙaramar ƙwallo mai tauri da kulki. Mutum ɗaya ke tsayawa kan ɗan tudu a tsakiyar fili, ya jefo ƙwallon daga nisan mita 18 da 'yan kai, abokin hamayya na riƙe da kulki yana jiran ya make ta. Mai jifan nan shi ne ƙashin bayan ƙungiya. Gwanayensu kan yi jifan da gudunsa ya haura kilomita 150 a awa, su kuma murɗa ƙwallon ta karkace a iska. Duk jarinsa kafaɗa ce da gwiwar hannu, in suka lalace sana'a ta ƙare.

Cikin masu jifan da aka taɓa yi, kaɗan ne suka kai Satchel Paige suna. Baƙar fata ne, an haife shi a garin Mobile na Jihar Alabama a 1906, gidan talakawa. Yana yaro dakon jakunkuna yake yi a tashar jirgin ƙasa. Yana ɗan shekara 12 aka kai shi gidan gyaran hali na Mount Meigs saboda ƙaramar sata, a can ya koyi jifa. Ya fara wasan kuɗi a 1926, amma saboda launin fatarsa ƙofar babbar gasar ƙasar a rufe take gare shi. Sama da shekara 20 ya yi yana wasa a gasar baƙaƙen fata, a Birmingham da Pittsburgh da Kansas City, yana kuma yawon neman kuɗi har Jamhuriyar Dominika da Meziko, inda hannunsa ya samu matsala a 1938 har aka ɗauka ya gama. Sai da Jackie Robinson ya karya shingen wariya a 1947, sannan kulob ɗin Cleveland ya ɗauki Paige a 1948 yana da shekara 42. Da tsohuwar zuma ake magani: a wannan kaka ya ci wasa 6 ya faɗi 1, Cleveland ta zama zakara. A 1965, yana da 59, kulob ɗin Kansas City ya fito da shi wasa ɗaya da Boston, ya yi zagaye 3 ba a ci shi ko maki ɗaya ba.

Ga inda labarin ya shafe mu. Da Paige ya tsufa, sai aka duba aka ga kwanakin da ya yi a babbar gasa ba su kai na samun fansho ba, saura kwana 158, tunda mafi yawan ƙuruciyarsa wariya ta cinye. A 1968 kulob ɗin Atlanta Braves ya sa sunansa cikin 'yan wasansa don kawai ya cike waɗannan kwanaki. An shigar da shi zauren gwarazan wasan a 1971, ya rasu a 1982. Mai kulob ɗin Atlanta ya yi halin kirki, babu shakka. Amma kirkin nasa ya yi amfani ne saboda akwai asusun da za a jona Paige a ciki. Bai ba shi ambulan ya ɗauki hoto ya tafi ba. Ya shigar da shi cikin abin da zai riƙa biyansa kowane wata har ƙarshen ransa, ko mai kulob na raye ko ba ya raye.

Wannan asusu ba daga sama ya faɗo ba. An kafa shi a 1947, 'yan wasa na zubawa, kulob-kulob na zubawa, ana ƙarawa da kuɗin watsa manyan wasanni a rediyo da talabijin. Da ƙaramin abu ya fara: dala 50 a wata ga wanda ya yi shekara 5. A 1966 'yan wasan suka ɗauko Marvin Miller daga ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa ya shugabanci ƙungiyarsu. Yajin aikinsu na farko, a 1972, na kwana 13, kan kuɗin fansho aka yi shi. Daga 1980, kwana 43 cikin jerin 'yan wasan babbar gasa sun isa mutum ya cancanci wani kaso na fansho. A 1986 kuma suka kafa wata gidauniya ta musamman mai taimakon tsofaffin ma'aikatan wasan da rayuwa ta juya wa baya, a asirce, ba tare da an tallata talaucinsu ba.

Mutumin Kaduna bai kamata wannan ya zame masa baƙon labari ba. A garin nan hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa take. Daga Arewa Textiles Adams Oshiomhole ya taso, ya zama babban sakatarenta a 1982, ya kai ga shugabancin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1999. Masu saƙa atamfa sun gane tun tuni cewa haƙƙi ba a roƙonsa ɗaya bayan ɗaya. 'Yan ƙwallon da suka fito daga harabar masaƙun nan su ne ba su ɗauki wannan karatu ba. Har gobe ana jin 'yan wasan gasar cikin gida suna bin albashin watanni da kuɗin sa hannu, ƙungiyoyin da ke cewa suna wakiltarsu kuma sun fi shahara da rigimar shugabanci.

Wani zai ce ina Najeriya ina kuɗin Amurka. Gaskiya ne, ba a haɗa su. Amma abin da ake bukata don farawa yana nan a dokokinmu. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta tanadi ma'aikaci da mai ɗaukar aiki su riƙa zubawa a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin, ya bi shi duk inda ya koma. A 2019 aka ƙaddamar da ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta shiga inshora, Jihar Kaduna kuma na da hukumarta ta KADCHMA. A farkon 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ga kuma asibitin ƙwararru na tarayya a Barnawa. Abin da ya rage shi ne hukumar gasa ta ce duk kulob ɗin da bai nuna shaidar zuba wa 'yan wasansa fansho da inshora ba, ba zai yi rajistar kaka ba. Wannan ba ya cin biliyoyi, niyya yake ci.

A ɗaya gefen kuma, hanyar da ta fitar da Yekini ita ma ta toshe. KTL ta rufe a 2002, Arewa Textiles ta bi sahu, UNTL ta tsayar da aiki a 2007. Ranchers Bees ta yi shekaru ba ta cikin sahun gaba. Kaduna United ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010, daga baya ita ma ta faɗo. Abin da ya maye gurbinsu shi ne ƙananan makarantun ƙwallo masu zaman kansu, wasu na ƙwarai, wasu kuwa tarkon dillalai ne. Yaron da a da kamfani ke biyansa don ya yi wasa, yau shi ke biya don a gwada shi. An sha jin labarin samarin da aka kai wata ƙasa da sunan gwaji, aka bar su a otal ba kulob ba kuɗin komowa. Ke nan yaron Unguwar Dosa na yau ya fi Yekini shiga haɗari ta fuska biyu: ba tsanin hawa, ba kuma wurin sauka.

Saboda haka ga abin da nake gani. Uban da ɗansa ke da ƙafa, kada ya kore shi daga fili, kada kuma ya cire shi daga aji ko daga wurin koyon sana'a. Ɗan ƙwallon da ya yi sa'a sosai shekara 15 zai yi yana cin abinci da ita, sauran rayuwar kuma da abin da ya koya a gefe zai ci. Duk dillalin da ya nemi kuɗi kafin ya nuna takardar gayyata daga kulob da lasisinsa na aiki, a rufe masa ƙofa. Kocinan unguwa, waɗanda ke wannan wahala ba albashi, su sa sharaɗi cewa wanda ba ya zuwa makaranta ko wurin sana'a ba zai saka riga ba. Masu kamfanoni da manyan 'yan kasuwar garin nan su dawo da al'adar riƙe kulob da albashi, ko da a ƙaramin rukuni ne, maimakon kofin siyasa na mako biyu da ake yi gab da zaɓe. Gwamnatin jiha ta hana cinye filayen makarantu da gine-gine, domin a nan ake fara komai.

Mu kuma 'yan kallo akwai namu. A kowace unguwa ta Kaduna akwai tsohon ɗan wasan da ya taɓa sa mu tsalle a filin wasa na Ahmadu Bello, yau yana ɗingishi da gwiwar da ba a taɓa yi wa aiki ba. In ya daina fitowa majalisa, a je a ƙwanƙwasa masa ƙofa. In an ga alamun damuwa ta yi masa yawa, a raka shi wurin likita, a daina yi masa laƙabi ana nuna shi da baki. Ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, ɓoye shi ne ke kisa.

Kira na ƙarshe ga waɗanda ke cikin fili yanzu da waɗanda suka yi suna suka dawo. Garin nan na da tsofaffin 'yan wasan da duniya ta sani, waɗanda in suka yi magana gwamna zai saurara. Su haɗa kai da masu tasowa su kafa asusun 'yan wasan Kaduna mai rajista, mai amintattu, mai littafin da kowa zai iya dubawa, kowane ɗan wasa ya riƙa zuba wani abu daga albashinsa komai ƙanƙantarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku fara zubin nan tun kuna gudu, domin ranar da gwiwa ta tsaya, ba mai zuba muku.